Ina Fulakon Ya Tafi, Arɗo?

Arɗo bawan gidanmu, gaisuwa irin ta ubangida zuwa ga yaronsa. Ina shanu, ina makiyaya, ina kuma tarin da ka dawo da shi daga ƙasar Japan? Allah ya sa man shanun da aka ce ana ta ɗura maka ya yi aiki.

Labari ya iso ni cewa tun da muka dawo ka kafa majalisa a ƙofar gida, kana shaida wa mutane wai a Tokyo ba abin da ya ratsa maƙogwaronka sai ruwan zafi da dabinon da ka tafi da shi a aljihu. Wai fulako ya hana ka buɗe baki a gaban baƙi. Har an ce wani dattijo ya share hawaye ya sa maka albarka. To ka manta da Babarbare aka yi tafiyar, kuma kujerata tana manne da taka. Tunda ka zaɓi majalisa, ni na zaɓi jarida.

Sai na fara wanke kaina a gaban masu karatu, domin wurin da aka kai mu sunansa izakaya, kuma ba ɓoye-ɓoye, gidan sha ne da ake cin abinci a cikinsa. Asalinsa shagunan sayar da giyar shinkafa ne na zamanin Edo, wato tsakanin 1603 da 1868, da suka fara barin mai saye ya zauna ya sha a nan take, daga baya suka ƙara da ɗan abin taɓawa. Yau shi ne inda ma'aikacin Japan yake sauke gajiya idan an tashi ofis, shi ne kuma inda ake karrama baƙo. Wanda ya ƙi zuwa kamar ya ƙi gaisuwa ne. Mai masaukinmu, Allah ya shirye shi, mutum ne mai lura: sai da ya bincika ya samo wurin da kajinsu yankan Musulmi ne, ya kuma ja kunnen masu gidan cewa baƙinsa ba sa sha, ba sa cin alade. Mun haɗa Magariba da Isha irin na matafiya kafin mu fito. Wannan ke nan, kada wani malami ya ɗauko mini alƙalami.

Tun a tashar jirgin ƙasa ta Shinjuku ka fara ba ni kunya. Tashar da mutum kimanin miliyan 3 ke ratsawa kullum, kai da kake alfaharin ka san kowace burtali daga Adamawa zuwa Borgu, sai ga ka riƙe da gefen rigata. Da muka fito ta ƙofar yamma muka bi ta wani lungu mai suna Omoide Yokocho, wanda ya samo asali daga kasuwar bayan fage ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, hayaƙin gawayi da ƙamshin maiƙo suka doke ka. Nan take ka saki rigata, ka miƙe wuya, ƙafarka ta fara karkata wajen wani tsoho mai fifita. Sai da na raɗa maka cewa yawancin abin da ke kan wutar nan kayan cikin alade ne, sannan ka yi a'uziyya har sau uku ka ce dama kai kallon gawayin kake yi. Na yarda, Arɗo. Gawayin nasu yana da kyau.

A ƙofar gidan da za mu shiga akwai jar fitilar takarda a rataye, da guntun labule mai tsagu wanda sai mutum ya sunkuya. Kai da ka saba da ƙofar bukka, a nan kam ka burge. Amma muna sa ƙafa ma'aikatan gidan gaba ɗaya suka kwarma ihun maraba da murya ɗaya, “Irasshaimase!”, sai ka ja da baya ka kai hannu kafaɗa kana laluben sandar da ka bari a Najeriya. Aka ce a cire takalma, aka ba kowa akwati da makullin katako. Ka tambaye ni a kunne ko akwai ɓarayin takalmi ne a nan ma. Muka zauna a ƙasa kan tabarma, ga rami a ƙarƙashin teburi inda ake zura ƙafafu. Aka kawo wa kowa ɗan tawul a naɗe, jiƙaƙƙe mai sanyi tunda lokacin zafi ne, domin goge hannu. Kai ka goge hannu, ka goge fuska, ka bi wuya, ka zagaya bayan kunne, da ban taka maka ƙafa a cikin ramin nan ba da ka kai ga hammata.

Sai ga wata yarinya da ƙananan kwanuka, kowa ɗaya, ba wanda ya ce a kawo. Ɗan kokwamba ne da ciyawar teku a ciki, lomar kirki ɗaya. Nan ka gyara zama ka yi mana huɗuba: wai mutanen nan akwai jinin Fulani a jikinsu, tunda ba sa barin baƙo ya zauna ba su miƙa masa wani abu ba. Na bar ka. Ka riƙe wannan kwanon a ranka, za mu dawo kansa.

Al'adarsu ba a taɓa abin sha sai kowa ya samu nasa, a ɗaga kofuna tare a ce “Kanpai”. Su da giyarsu, mu aka kawo mana shayin ulon. Da ka ji kalmar shayi fuskarka ta washe. Sai ga shi a dogon kofin gilashi, da ƙanƙara a ciki, ba sukari, ba madara, ba ko citta. Ka kurɓa, ka riƙe a baki, ka dube ni irin kallon wanda aka ci amanarsa. Ka haɗiye da ƙyar ka ce ko a rugarku maganin shawara ya fi wannan daɗi.

A izakaya ba a kawo wa kowa farantinsa. Ƙananan kwanuka ake ta jerowa a tsakiya, kaɗan-kaɗan, kowa ya ɗiba ya sa a ɗan faifansa, in sun ƙare a danna ƙararrawa ko a ɗaga murya a kira ma'aikaci a ƙaro. Ana ci ana hira har awa biyu, wanda shi ne wa'adin da gidaje da yawa ke ba teburi idan akwai cunkoso. Wannan tsari shi ya tayar maka da fulako. Cin abinci a gaban mutane, ga mata biyu daga ofishin mai masauki a teburin, ga kowa na ganin hannun kowa. Ka naɗe hannu a ƙirji ka ce “mi haari”, wai ka ƙoshi. Mutumin da rabonsa da abinci tun biskit ɗin safe! Mai masauki ya damu, ya tambaye ni ko ba ka da lafiya. Na ce lafiyarka ƙalau, haka kakanninka suka yi ta yi a gidanmu, sai an juya baya tukunya ke raguwa.

Kuma haka aka yi. Duk lokacin da aka ɗaga kofi ana dariya, sai in ga hannu ya fito daga cikin babbar riga ya koma. Da waken suya ɗanye da aka dafa da gishiri ka fara, wanda suke kira edamame. Mutane na matse kwanson da haƙori su fitar da ƙwayar su ajiye ɓawon a kwanon da aka tanada. Kai da yake a ɓoye kake ci, ba damar ajiye shaida, sai ka riƙa haɗiyewa da kwanson. Na ga maƙogwaronka yana hawa da sauka, na ƙara tura maka kwanon.

Sandunan cin abinci kuwa, nan ne na tausaya maka da gaske. Mutumin da aka haifa da sanda a kafaɗa, wanda da sanda ɗaya yake juya garke guda, ga shi 'yan sanduna biyu da ba su wuce taƙi ba sun gagare shi. Ka kama awara, don awararmu ce sak sai dai tasu mai laushi ce da sanyi, ba a soya ta ba, ta farfashe. Ka sake kamawa ta tsere. Da haushi ya kama ka sai ka soke sandunan a tsaye cikin kwanon shinkafa. Teburin ya yi tsit. A wurinsu haka ake kafa wa mamaci shinkafa ranar jana'iza. Ɗaya daga cikin matan ta miƙa hannu a hankali ta zare su ta kwantar, ta sa aka kawo maka cokali irin na yara. Ka karɓa ka ce “useko”.

Tsirensu na kaza, yakitori, shi ne abin da ya fi kusa da gida. Iri biyu ake yi, na gishiri zalla da na wani romo mai zaƙi. Na gishiri muka ce, domin romon da giyar shinkafa ake haɗa shi, kuma wannan shi ne tarkon da Musulmi ya fi faɗawa a girkin Japan, tunda giyar girki tana shiga miya da romo da yawa ba tare da an rubuta ba. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne yadda suke rarraba kaza: tsinken cinya daban, na fata daban, na ƙundu, na zuciya, na hanta, na guringuntsi, har da na tsuliyar kaza mai maiƙo, kowanne da sunansa da masoyansa. Kai kuwa ka ɗaga tsinke ɗaya ka ƙirga yanka huɗu, ka tambaya ina aka kai sauran kazar. Ka nemi yaji, aka ba ka ɗan garin barkono mai haɗi bakwai a wata 'yar gora. Ka zazzage rabinta, ka ce ba ƙuli a ciki.

Sai aka shigo fagena. Faranti ne na ɗanyen kifi, an yanka shi fale-fale an jera, ja da fari da ruwan goro, ba ƙarni ko kaɗan. Mu da muka tashi da kifin Baga, mun san kifi tun yana numfashi har ya zama banda, don haka na ɗauka na tsoma a ruwan gishirin waken suya na kai baki kamar a gidanmu aka ƙirƙiro shi. Kai ka ce dama an daɗe ana faɗa Barebari ba sa jiran wuta. Ka kau da kai daga kifin. Amma a gefen farantin akwai wani ɗan curi kore shar, ka ɗauka shi ne abu ɗaya mai aminci a wurin, tunda ganye ne. Ka faki ido, ka kwashe shi duka da cokalinka na yara. Wasabi ke nan, Arɗo. Shi ba a harshe yake tsayawa ba, ta hanci yake bi ya hau ƙwaƙwalwa. Na ga idonka ya kaɗa, jijiyar goshinka ta miƙe, hawaye na zuba, amma ko tari ba ka yi ba. Jaruntar sharo ta motsa. Mai masauki ya tambaye ka yaya, ka ɗaga babban yatsa. Sai ya ji daɗi ya sa aka ƙaro maka.

Ban ga ka dawo hayyacinka ba sai da idonka ya faɗa kan hoton naman wagyu a takardar abinci, ja da zanen kitse fari ya ratsa ko'ina. Ba mu saya ba, don ba yankanmu ba ne, kuma kuɗin 'yan yanka kaɗan ya kusa na duk kajin da muka ci. Amma hira ta ɓarke. Mai masauki ya ba ka labarin cewa a shekarar 675 Sarki Tenmu ya hana cin naman shanu da dawakai da karnuka da birai da kaji, ƙyamar naman dabba ta zauna a ƙasar kusan shekara 1,200, sai a 1872 Sarki Meiji ya ci naman sa, jama'a suka bi. Ka ce kai ka san mutanen kirki ne, tunda sun daɗe suna ganin girman saniya. Ya ƙara da cewa tun bayan ɓullar cutar haukan shanu a 2001, kowace saniya a Japan tana da lamba mai alƙaluma 10 a kunne, mai sayen nama yana iya duba ta a intanet ya ga inda aka haife ta da inda aka yi kiwonta. Naman Kobe kuma, wanda ake samu daga shanun Tajima na lardin Hyogo, takardar shaidarsa har da tambarin hancin saniyar. Nan murmushinka ya ɗauke. Ka matso ka tambaye ni a hankali ko gwamnatinsu tana amfani da lambar wajen karɓar jangali. Ka ce kar in kuskura in kawo wannan labari gida. Ga shi na kawo.

Da aka zo biyan kuɗi, al'adar abokai a can ita ce a raba daidai, ko da yake mu baƙi mai masauki ya ɗauke mana. Amma tun kafin ka san haka, ana kawo takardar sai fitsari ya kama ka. Ka daɗe. Ka dawo kana taku ɗaiɗai a kan tabarmar mutane da silifas ɗin banɗaki a ƙafarka, wanda ake sawa a ciki a bari a ciki. Ni kuma na ajiye maka takardar don ka ga layin farko. Kwanon nan na jinin Fulani, sunansa otoshi, kuma kuɗin zama ne: yen 300 zuwa 500 kan kowane kai, ka ci ko ba ka ci ba. Ka duba, ka sake dubawa, ka ce ashe Barebari ne.

Ni dai, ban da wannan kwanon da kuma masu layi da muka riƙa tsallakewa a bakin tasha da kwat da jakar ofis, tsarin ya kwanta mini. Ba mai kora kafin wa'adi, ba mai cika maka faranti har ka ji nauyi, ba a kuma karɓar ko sisin goro bayan kuɗin da aka rubuta. Na ga maigida yana zuba wa ƙaramin ma'aikacinsa abin sha da hannunsa, abin da ba zai faru a ofis ba.

Da a nan aka tashi, da na bar ka da majalisarka. Amma matan nan biyu suka ce ba a rufe dare sai da zaƙi, ɗabi'ar da ta yi ƙarfi a Sapporo kafin ta bazu zuwa Tokyo. Suka ja mu wani gidan kayan zaƙi a bene. A ƙofa akwai gilashi cike da kofuna da kwanuka masu ɗaukar ido, ka tsaya kana mamakin yadda askirim bai narke ba, sai da aka gaya maka na roba ne, samfuri ne don mai saye ya nuna da yatsa. Ciki kuwa 'yan mata ne da samari, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar kofinsa hoto kafin ya taɓa. Ka ce kai ba za ka zauna cikin yara ba. Da ka ji cewa tun Oktoban 2019 harajin abin da aka ci a shago kashi 10 cikin 100 ne, na wanda aka tafi da shi kashi 8, sai ka ce a ƙunsa maka, ka ci a ɗaki. Tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ga sauƙi ga sutura. Aka ce irin wannan ba ya ƙunsuwa.

Ni na zaɓi anmitsu, tsohon haɗi da aka fara a unguwar Ginza a 1930. 'Yan curi ne masu sheƙi da ake yi da ciyawar teku, wanda ya sa hankalina ya kwanta tunda ba sinadarin ƙashin alade a ciki, sai dafaffen jan wake da aka tuƙa da sukari, da 'ya'yan itace, da baƙin ruwan rake a ɗan tulu a gefe. Ka leƙa ka ce wake da sukari aikin wanda bai san darajar manja ba ne. Aka ba ka ɗanɗanon moci, dakakkiyar shinkafa mai danƙo wadda duk sabuwar shekara hukumar kashe gobara ta Tokyo ke gargaɗin tsofaffi su yanka ta ƙanana don tana shaƙe mutane. Ka tauna, ta kama maka haƙori, ka ce a kai kasuwa. Aka nuna maka kakigori, tulin gogaggiyar ƙanƙara da aka kwarara wa koren shayin Uji, abin da wata marubuciyar fada, Sei Shonagon, ta ambaci irinsa kimanin shekara 1,000 da ta wuce. Ka ce shekara 1,000 suna sayen ruwa.

Sai ɗaya daga cikin matan ta nuna wani dogon kofi mai suna fafe, ta ce da madarar Hokkaido ake yin sa, tsibirin arewa da ke samar da fiye da rabin madarar ƙasar. Kalmar madara ta shiga kunnenka. Ka ce to, don ilimi kawai, a matsayinka na masani, za ka ɗanɗana ka gaya musu kuskurensu. Aka kawo shi, tsawonsa ya kusa kamu ɗaya: farin askirim a sama an murɗa shi, yankan mangwaro a gefe, kirim a ƙasansa, sai wani abu mai garas-garas a can gindi, da cokali mai dogon wuya. Ka ɗebi kan cokali ka sa a baki. Ka rufe ido. Arɗo, na ga leɓenka yana motsi, ban sani ba ko salati kake yi ko sunayen shanunka kake kira. Cokali na biyu ya fi na farko girma. Daga na biyar ka tura hula ƙeya, ka naɗe hannun riga, ka jawo kofin gabanka ka kare shi da hannun hagu. Mata biyu na kallo, yara na kallo, mai shago na kallo. Da cokalin ya daina kamo komai ka ɗaga kofin ka kafa kai. Ka sauke da farin gemu, ka ɗaga hannu da kanka, ba tafinta, ka nuna kofin ka ɗaga yatsa ɗaya. Kowanne kusan yen 2,000, kai da ka yi jimamin 300. Na biyun ma bai sha da kyau ba.

Da aka tambaye ka hukuncin masani, ka goge baki ka ce ba laifi, amma da sun samu gero su dama fura a ciki da sun ci gaba. Saura kaɗan jirgin ƙarshe na wajen sha biyun dare ya bar mu saboda kai, kana gudu kana riƙe da ciki. Tarin da ake yi maka magani yanzu, wanda ka ce sanyin jirgin sama ne, ga asalinsa.

Hukunci kuwa ba ɗaukaka ƙara. Na ɗaya, ka koma majalisa ka mayar wa dattijon nan albarkarsa. Na biyu, kafin cika-ciki ka aiko gidan ubangidanka da ƙwaryar kindirmo biyu da kwalbar man shanu, ban da kuɗin shara na bana da na bara da ka maƙale. In wata ya kama ban ga saƙo ba, hoton farin gemun nan yana cikin wayata, kuma edita ya ce akwai fili a shafin farko.